Ƙararrawar Sjoukje

Shekara huɗu yana jingine a rumfar baya,
tsakanin tsani da akwatin dankali.
Gizo-gizo ya ɗinka masa riga, iska ta gudu daga taya,
ni kuma in na zo wucewa sai in kau da kai,
kamar mai cin bashi ya hangi mai kuɗi a kasuwa.

Keken Sjoukje ne, kore, mai kwando a gaba.
Da shi ta yi shekara talatin tana zaga Harlingen,
tana duba tsofaffi gida-gida, allura a jaka.
Iskar teku na tura ta baya, tana cije leɓe,
ba ta taɓa sauka ba, ko a hawan gadar unguwa.

Ran Talata na ga takarda a ƙofar gidan burodi:
a kawo keken da ba a hawa, za a gyara,
a loda a kwantena, jirgi ya kai Malawi.
Na karanta sau biyu, na sayi burodina,
na dawo ina faɗa da mutanen da ban sani ba:
ina ruwansu da abin da ta bar min ranar rabuwa?

Da dare ruwa ya sauko, rumfa na yoyo,
ɗis, ɗis, a kan sirdin da babu mai zama.
Na san abin da za ta ce da tana nan:
"Douwe, ƙarfe ba ya makoki, tsatsa yake yi.
Ko shi ma binne shi za ka yi, ka huta da damuwa?"

Da safe na turo shi, don gwiwata ta yi sallama da feda.
Sarƙa na kuka, birki ya cije taya,
muka bi ta gaban jiragen da ke ɗaure a gaɓa,
tsofaffi biyu, kowa ya jingina da ɗan'uwa.

A shagon gyara na sami wata yarinya, Marrit,
hannu duk baƙin mai, fensir a bayan kunne.
Ta juya feda, ta kasa kunne, ta ce, "Lafiyarsa lau,
tif biyu da ɗan mai kawai yake roƙo.
An ce mana akwai ungozomar da ke taka sa'a uku
kafin ta kai inda ake jiranta da haihuwa."

Tana juya baya na ɗauki sukudireba,
na kwance ƙararrawar, na jefa aljihu.
Wannan kam tawa ce. Ita ke gaya min
tun daga kwana, ƙarfe shida, in ɗora ruwan shayi.
Na kai har bakin gada ina tafiyar ɓarawo,
tana ta gogar makullaina, ta ƙi nutsuwa.

To, ƙararrawa a aljihu wa za ta kira?

Na koma. Marrit ba ta ce uffan ba,
ta miƙo min sukudireba, ta ci gaba da aikinta.
Na ɗaura da kaina, na danna sau ɗaya,
duk shagon ya ɗago kai,
ni kaɗai na waiga ƙofa, ina jiran wata shigowa.

A gindin kwando na tsinci takardar cefane:
madara, albasa, kifi, maganin tarin Douwe.
Ita na ninke na tafi da ita.

Ban san sunan wadda za ta hau shi ba,
ban san ko hanyarsu na da gada ba.
Ba a aiko hoto ba, ban kuma nema ba.
Na toshe yoyon rumfa, gurbinsa na nan wayam.
Amma shida in ta buga na kan ɗora shayi,
in ce yanzu wata ta sha kwana, ta danna,
wani a cikin gida ya ji, ya miƙe,
ya ce wa masu naƙuda da masu riƙe ta:
ku kwantar da hankali, ga ta nan zuwa.